Rafin da Yake Cikin Taswira

Litinin, 18 ga Nuwamba 1991, bayan la'asar

Sun ce in zauna a gida sai an neme ni. To ga ni a gida. Yaya Rakiya ta tambaye ni sau uku ko korata aka yi, sau uku ina ce mata dakatarwa ce. Ta ce ita ba ta ga bambanci ba tunda ga ni a kan tabarmarta da rana tsaka.

Littafin nan Dokta Zacharias ne ya ba ni a farkon zango, wai in riƙa rubuta sunayen itatuwa da duwatsu saboda ɗalibai. Shafi biyu na cika. Sauran zan yi abin da na ga dama da su. A aji huɗu na firamare na tsaya. Ragowar rubutun a wurin masu awon ƙasa na tsinta, shekara uku ina ja musu sarƙar awo lokacin da ake yanka unguwannin garin nan.

Dokta yana koya wa ɗaliban jami'a yadda ake jagorantar mutane a daji: karanta taswira, riƙe kamfas mai nuna arewa, kafa tanti, tsallake rafi. Ni aka ɗauka ɗan jagora saboda a bayan duwatsun Kubwa na yi kiwo tun ba a san za a kawo gwamnati nan ba. Shekaranjiya Asabar mun hau Dutsen Kurciya da ɗalibai goma sha huɗu. Goma sha uku sun sauko da ƙafafunsu. Mabel a kan sanduna biyu da riguna muka sauko da ita, ƙafarta ta hagu a karye. An kafa kwamiti ya duba ko laifin wa ne. In aka ce nawa ne, aikin ya tafi.

Yadda aka yi ba zan rubuta shi yau ba.

Talata, 19 ga wata, da safe

Ba wanda ya neme ni.

Laraba, 20 ga wata, bayan azahar

Akwai doka, gara in rubuta ta kada a wayi gari a ce ba a taɓa yin ta ba. Duk fitar da za a yi, ɗalibi ɗaya ake rataya wa usur a wuya. Mai usur shi ne shugaba a ranar. Shi zai ce a bi nan, a huta nan, a ɗauki wannan, a bar wancan. Ɗan jagora a bayan kowa yake tafiya, bakinsa a rufe, don wai in yana magana yara ba za su koyi komai ba sai bin bayansa kamar tumaki. Abu uku kaɗai ke buɗe min baki: maciji, wuta, jini. A gaban aji Dokta ya faɗa, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Har ya sa na maimaita.

Maciji, wuta, jini. Ƙishirwa ba ta cikin ukun.

Ni dai an ce in yi shiru.

Alhamis, 21 ga wata, kafin magariba

Na gaji da zama na tafi ofishin sashen su Dokta a jami'a. Awa biyu a hanya, saboda manyan motoci daga Legas sun cika titi, duk kayan ofisoshin gwamnati ne, akwatunan ƙarfe da kujeru ƙafafu a sama. Wata ta tsaya a mahaɗar Idu, direban ya leƙo yana tambayar ina ne Abuja. Kwandastanmu ya ce masa, "Oga, kana ciki tun ɗazu." Bai yarda ba.

Madam Rosemary, sakatariyar sashe, ta ce kwamiti ba zai zauna a makon nan ba. Ɗakin da za su zauna an jibge katifun sababbin malamai a ciki. Na ce to a zauna a gindin bishiya mana, ai darasin daji ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Sadisu, ki je gida, za a aiko miki." Hausarta haka take, kowa mace ne a wurinta, har Dokta.

Na hango Dokta ta taga. Da ya gan ni sai ya sunkuya yana neman wani abu a aljihun tebur, bai same shi ba har na fita.

Andrew yana zaune a kan dakali shi kaɗai. Shi ne mai usur ranar Asabar. Ya rame. Ya miƙe kamar zai yi min magana, na wuce.

Juma'a, 22 ga wata, bayan masallaci

Yaya ta sa ni ɗibar mata ruwa da faskare, ta ce tunda jami'a ba ta so na, leburorin da take dafa wa shinkafa suna so. Na yi. Ba ni da ta cewa.

Asabar, 23 ga wata, da hantsi na fita, yanzu la'asar

Na koma wurin ni kaɗai. Ban san me na je nema ba.

Rafin Gora yana nan yadda muka bar shi, yashi fari ƙal, ko laima babu in ka tona da hannu. A taswirar Dokta shuɗin layi ne mai kauri, irin wanda ke nufin ruwa ba ya yankewa rani da damina. Gaskiya ne, da haka yake. Na sha shi ina yaro, shanunmu sun sha. Amma a kusurwar taswirar, can ƙasa, akwai shekarar da aka zana ta da ƙananan lambobi, 1977. Masu awo sun koya min nan ake fara dubawa. Ɗaliban jami'a ba sa duba wurin. Su sama suke dubawa, inda kibiyar arewa take.

Masu yin sabon titi sun fasa dutse a kan rafin, katafila ta ture ƙasa ta toshe bakin kwazazzabon. Ruwan ya juya gabas yana zuba a ramin da suke haƙar tsakuwa. Shi ya sa Baffa Ɗanjuma ya ɗage rugarsa daga nan a watan jiya. Ni na taya shi ɗaure maruƙa ranar da suka tashi.

To. Na rubuta ke nan.

Lahadi, 24 ga wata, da safe

Ni dai an ce in yi shiru.

Talata, 26 ga wata, bayan azahar

Bari in gama shi yau in huta.

Fitar ranar ita ce jarrabawar ƙarshe, don haka Dokta ba ya bin mu. Ya sauke mu a gindin dutse, zai zagaya da bas ya jira mu a ɗaya ɓangaren. Muna da jarkoki huɗu na ruwa. Andrew ya shimfiɗa taswira a kan murfin injin bas, ya ɗora yatsa a shuɗin layi, ya ce kafin azahar muna bakin rafi, me zai sa a wahalar da mutane da kaya. Kowa ya cika 'yar gorarsa, a bar jarkoki a mota. Ɗalibai suka tafa masa. Dokta yana gefe yana rubutu a takardarsa, bai ce komai ba, shi ma dokar ta hau kansa.

Na yi tari. Sau ɗaya.

Kafin sha ɗaya gororin sun ƙare, don 'yan birni shan ruwa suke kamar famfo na biye da su. Dutsen nan ba inuwa a samansa, rana daga sama, zafi daga ƙasa. Ƙarfe ɗaya muka iso rafin, yashi. Andrew ya duba ƙasa, ya duba takarda, ya zaɓi takarda. Ya ce ba nan ba ne, mun kauce, rafin gaskiya yana bayan wancan tudun. Ya busa usur. Awa guda muka ƙara muna hawa muna neman ruwan da muka riga muka taka. Ina baya ina kallon ƙeyarsa.

A gangarowa jiri ya ɗebi Mabel, ta zame ta faɗa tsakanin duwatsu biyu. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Gwiwarta ta fashe, jini ya fito. Da na ga jini sai bakina ya buɗe, kamar yadda doka ta ce. Na karɓi tafiyar, na sa aka saro sanduna, na tura mutum biyu sabuwar rugar Baffa suka kawo ruwa da nono. Rugar ba ta kai tafiyar rabin awa daga inda muka tsaya a kan yashin ba.

Laraba, 27 ga wata

Ban fita ba.

Juma'a, 29 ga wata, bayan la'asar

Dokta ya zo har Kubwa. Ya sha wuya kafin ya gano gidan, don duk gidajen layinmu iri ɗaya ne, ko masu su kan buɗe ƙofar maƙwabci. Yaya ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa a kofin baƙi, sannan ta koma bayan labule inda duk abin da aka ce take ji.

"Malam Sadisu," in ji shi. Na lura tun tuni, in yana son abu ni Malam ne, in ba ya so ni Sadisu ne.

Ya ce kwamiti tambaya ɗaya za su yi min mai nauyi, ko na san rafin ya ƙafe. In na ce ban sani ba, shi ke nan. Andrew ya bi taswira, ni na bi doka, shi Dokta ya bi tsarin darasi. "Laifi ya koma kan taswira. Taswira ba ta da iyali."

Na ce, "Oga Dokta, in ban san rafin da ke bayan gidanmu ba, me aka ɗauke ni in yi?"

Ya ce ba wannan ake magana ba yanzu.

Na ce to fita ta gaba fa, da wace taswira za a yi? Ya ce an rubuta takarda a aiko da sabuwa, amma ofishin da ke yin ta yana cikin akwati a kan hanya tsakanin Legas da nan. Ya cire tabarau ya goge. Mutumin kirki ne, shi ne abin haushin. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Yana fita Yaya ta ɗaga labule.

"Ka ce ba ka sani ba mana. Kai kaɗai ne masani a duniya? Rabin ma'aikatan da aka kwaso mana ba su san ƙofar ofishinsu ba, an kore su?"

Na ce ƙarya ce ai, Yaya.

"Shirun da ka yi a kan dutse gaskiya ce?"

Na ɗauki buta na fita.

Litinin, 2 ga Disamba, da safe

Kwamiti ranar Laraba.

Laraba, 4 ga wata, bayan azahar

An ɗaga. An kwashe katifu, amma an tafi da kujerun ɗakin wurin shirin bikin tarewar gwamnati. Tun bakwai nake tsaye a baranda da rigar Juma'ata. Madam Rosemary ta ce ki yi haƙuri. Haƙuri dai, haƙuri dai. In ana sayar da shi da na buɗe shago a kasuwa.

Alhamis, 5 ga wata, kafin magariba

Na je asibiti. Kwana goma sha tara ina cewa gobe.

Mabel a Sabon Garin Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. An naɗe ƙafar da siminti tun daga cinya, an rataye ta da igiya, 'yan ajinsu sun cika simintin da sunaye. Ta ce, "Malam Sadisu, ka zo ganin kayan da ka ɗauko? Ban yi maka nauyi ba dai?" Na ce buhun gero ya fi ki. Ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari.

Likita ya ce za ta taka, amma gudu sai abin da Allah ya yi. 'Yar tsere ce, da gudun ta samu gurbin karatun. Wannan ban sani ba sai yau.

Mamanta ta zo daga Kano. Ta riƙe hannuna da hannu biyu tana ta sa min albarka, ta ciro shadda yadi biyar daga jaka ta ce tawa ce. Na ce a'a, ta ce ba a mayar wa uwa hannu. Na karɓa. Kamar garwashi na riƙe.

Da maman ta fita neman ruwan zafi sai Mabel ta daina murmushi.

"Tarin nan da ka yi a bakin bas. Ni na ji shi."

Na ce maƙogwaro ne.

"Malam Sadisu, ban ce ka faɗa wa kwamiti komai ba. Ni ke tambaya. Ƙafata ce."

Na ce mata lokacin la'asar yana wucewa. Bai wuce ba, da saura.

Juma'a, 6 ga wata, da hantsi

Akwai abin da na tsallake ranar Talatar can.

Da na yi tarin, Andrew ya juyo. Ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Mai shanu, yau ba ka da baki." Sannan ya ɗaga taswirar ya faɗa wa sauran da Turanci cewa wannan jirgin sama ne ya zana ta, ni kuwa da ƙafa na zana tawa. Ina jin Turanci fiye da yadda suke zato. Suka yi dariya. Ba wata dariyar mugunta ba ce, ta yara ce.

Sai na ce a raina, to, jirgin sama ya ba ku ruwa.

Na ɗauka za su ji ƙishi, su yi laushi, Andrew ya juyo ya ce Malam ina ruwa, in kai su rugar Baffa. Iyakar abin da na shirya ke nan. Bai juyo ba. Ni ma ban matsa ba. Awa guda muna hawan tudun nan, kowannenmu yana jiran ɗaya.

Asabar, 7 ga wata

An ce in yi shiru, gaskiya ne. Amma an sha ce min abubuwa ban yi ba.

Talata, 10 ga wata, bayan la'asar

Kwamiti sun zauna. Mutum uku, maza biyu da wata dattijuwa mai furfura da ba ta ɗago kai daga takarda ba sai can. Kujeru biyu aka samo, na ukun a kan akwati ya zauna. Dokta da Andrew suna jikin bango.

An yi ta zagaye. Sunana, shekaruna, wa ya ɗauke ni, ina takardar makarantata. Na ce babu. Aka rubuta babu. Sannan shugaban ya yi tambayar.

Na ce na sani. Tun watan Oktoba.

Ban kalli Dokta ba, amma na ji numfashinsa.

Aka ce me ya hana ni faɗa. Na faɗi dokar, maciji, wuta, jini. Shugaban ya juya wurin Dokta ya ce haka ne? Dokta ya ce haka ne, shi ya kafa ta. Wannan na ba shi, bai gudu ba.

Na ɗauka an gama. Sai dattijuwar ta ajiye biro, ta yi min magana da Hausa tsantsa irin ta Zariya. "Ɗana, dokar ce kaɗai ta riƙe maka baki?"

Da ta yi min tsawa da na iya. Ɗana ta ce.

Na ce a'a, Hajiya. Yaron ya ba ni haushi.

Ta ɗauki bironta ta rubuta. Gajeren layi ne, na ga tsawonsa daga inda nake.

Laraba, 11 ga wata, bayan azahar

Na koma asibiti da shaddar a leda. Na faɗa wa Mabel duka, a gaban mamanta, har da abin da na ce a raina a bakin bas. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Na gode da ka faɗa." Sannan ta juya fuska bango ta ce, "Je ka yanzu."

Na ajiye ledar a ƙarshen gado. Maman ba ta ce in ɗauka ba.

Alhamis, 12 ga wata, da safe

Yau gwamnati ke tarewa. Tun asuba jiniya, an rufe manyan hanyoyi, leburorin Yaya duk sun tafi kallo, shinkafa ta yi kwantai. Ita ma ba ta yi min magana tun shekaranjiya, sai dai ta ajiye kwano ta tura da ƙafa.

Litinin, 16 ga wata, kafin la'asar

Takarda ta fito. Madam Rosemary ta karanta min ita a tsaye, duk da na ce zan iya. Dokta gargaɗi. Andrew zai maimaita darasin. An soke dokar, daga yanzu ɗan jagora yana iya magana duk lokacin da ya ga dama. Ni kuma jami'a ta gode da hidimata, in mayar da takalmi da jakar baya.

An ba ɗan jagora baki, an kori ɗan jagora.

Madam ta ce, "Ki yi haƙuri, Sadisu." Wannan karon idonta ya yi ja, sai ban ji haushi ba. Na cire takalmin a nan ofishin, na dawo gida da silifas ɗin masinja.

Yaya ta duba ƙafafuna, ta duba fuskata. Ta ce, "Gaskiyar ce ta cinye takalmin?" Ta zuba min abinci da nama biyu.

Alhamis, 19 ga wata, bayan azahar

Ina faskare aka yi sallama. Andrew ne, da taswira a naɗe a hammata da jan fensir. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam Sadisu." Yaya ta ce masa ya shigo ko ya fita, yana tare mata iska.

Za a sake fita a watan gobe da 'yan aji na ƙasa. Ba a samu wani ɗan jagora ba, sabuwar taswira tana cikin akwati har yanzu. Ba Dokta ya aiko shi ba, shi ya zo. Na ce masa ni ba ma'aikacin jami'a ba ne. Ya ce ya sani. Na ce ba na son ganinsa. Ya ce wannan ma ya sani.

Na bar shi a tsaye na gama itacen da ke gabana. Bai tafi ba.

Muka shimfiɗa takardar a kan tabarma, muka danne kusurwoyi da kwanoni. Ina faɗa yana sokewa. Wannan titi ya cinye shi. Wannan masu bulo sun tare shi. Wannan akwai ruwa amma bayan sansanin leburori yake bi, kada kowa ya sha. Bai yi min gardama ko sau ɗaya ba.

Rafi goma sha ɗaya ne a takardarsa. Huɗu na bar masa. Akwai na biyar a arewa da Dutsen Kurciya da rabona da shi tun damina, na ce masa ban tabbata ba. Ya ɗaga fensir yana jira in ce a soke ko a bari.

Na ce ya ajiye fensirin, ya zo gobe bayan asuba mu je mu gani.